Walda da yankan ƙarfe a jikin mota cikin gida: ta ina gobara take shigowa?

Tambayar ta fito daga wani bawan Allah a unguwar Garin Malam, nan Damagaram. Yana da tsohuwar Hilux mai shan fetur ajiye a tsakar gida. Tsatsa ta ci ƙasanta, salansa ta tsage, tanki kuma yana ɗan yoyo. Ya sayi ƙaramin injin walda da injin yankan ƙarfe, yana so ya riƙa gyara da kansa ranakun hutu. Abin da yake son sani biyu ne: me zai yi kada ya tada gobara a gidansa, kuma ko zai iya walde tankin idan ya juye man ya wanke shi da omo.

Malam, bari mu fara da tankin, don shi ne mai kisa nan take. Kada ka kai masa wuta, ko ka wanke shi sau goma. Ruwan fetur ba shi yake kamawa ba, tururinsa ne, kuma tururin yana fashewa ne idan ya gauraya da iska daidai gwargwado, tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100. Tankin da aka juye iska ta shiga ta cike shi, sai haɗin ya faɗo daidai cikin wannan awon. A tanki mai lita 50, fetur cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wato kamar mililita 5, ya isa ya mayar da shi bam. Wannan ɗan kaɗan ɗin omo ba ya cire shi, domin yana maƙale a maɗinkar ƙarfe, da bayan shingayen da ke cikin tankin, da cikin tsatsa da laka da suka kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Za ka sansana ka ji babu wari yana sanyi. Da zarar zafin walda ya taɓa ƙarfen, man da ya ɓuya zai taso ya zama tururi, ga kuma wutar a hannunka.

Akwai dabarun da ake yi a bakin titi, za a kuma ba ka shawararsu. Wasu suna jona tiyo daga salansar wata mota su hura hayaƙi cikin tankin, wai ya kori iska. Ba abin dogara ba ne: hayaƙin injin da bai ƙone mai da kyau ba yana ɗauke da ɗanyen mai da iskar da ita ma takan kama wuta, na gazuwal kuma yana da sauran iskar shaƙa da yawa. Wasu suna cika tankin da ruwa su bar wurin waldar kaɗai. Wannan ya fi na farko, amma ɗan sararin da aka bari a sama nan ne tururin yake taruwa, nan ne kuma ake kai wutar. Masu yin aikin bisa ƙa'ida da tururin ruwan zafi suke wanke tanki, su auna cikinsa da na'ura, sannan su cika shi da iskar da ba ta cin wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a tsakar gidanka. Idan hujin ƙarami ne, ka sauke tankin, ka goge wurin da hannu da takardar gurza, ka liƙe da gam mai haɗi biyu wanda aka rubuta yana jure fetur. Idan tsatsa ta cinye ƙasan, ka nemi wani tankin a wurin masu kayan gyara na hannu. Haka hukuncin yake ga tano da ya taɓa ɗaukar fetur, ko tina, ko gazuwal, wanda ake son yankawa don kwamin shayar da dabbobi: a cika shi da ruwa fal, a buɗe da kurfi da guduma, injin yanka bai zo wurin ba.

Kada kuma wani ya ce maka gazuwal ba ya kamawa. Fetur yana fitar da tururi mai kamawa ko da sanyi ya kai 40 ƙasa da sifiri. Gazuwal sai ya ɗumama zuwa wajen digiri 55. To a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa a Zinder yake haura 40, ƙarfen da ya wuni a rana bai yi nisa da wannan ba, tun kafin walda ta ƙara nata.

Sai tsakar gidan kanta. Mutane sun fi tsoron injin walda saboda haskensa, amma injin yanka ma yana tada gobara, ga shi ba a ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙaramin mai faifan milimita 115 yana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, kuma kowane tartsatsi ɓarɓashin ƙarfe ne da zafinsa ya haura digiri 1,000. Busasshiyar ciyawa da kwali ba sa buƙatar ko sulusin wannan. A masana'antu ƙa'idar ita ce a share duk abin da ke cin wuta har nisan mita 10 zuwa 11 daga wurin aiki, domin tartsatsi yana kaiwa can: ya tashi, ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya gangara. Auna mita 10 a tsakar gidanka ka gani. A yawancin gidaje ka riga ka kai katanga, ka haɗa da madafa da garken tumaki.

Don haka ka zagaya ka dubi gidan da idon wuta. Harawa da karan dawa da aka jibge kan rumfa saboda dabbobi. Zanar da ta kare banɗaki. Tabarmar roba, katifar soso da aka shanya, kayan wanki a igiya, buhunan dusa, kwalaye, tsummokaran mai da aka cusa ƙarƙashin benci. Babur da aka jingine, wanda kafiretarsa ke ɗiga. Kwalaben fetur na ruwa-ruwa da bido na janareta. Tukunyar gas ta girki, wadda tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011 ta shiga gidaje da yawa. Duk abin da ke ɗaukuwa a fitar da shi. Wanda ba ya ɗaukuwa a kare shi da fallen kwano, ko a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, ba na leda ba. A share ƙasa, a yayyafa ruwa, amma kada a yi kwami inda za ka tsaya da igiyar wuta. A toshe ƙasan ƙofar ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma, domin tartsatsi yana shiga ta nan ya kwanta a kafet ba wanda ya gani. Ka leƙa bayan katanga ma, ka ga abin da maƙwabci ya tara, ka kuma gaya masa yau za ka yi walda.

Tururin fetur ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, gas ɗin girki kuma kusan sau biyu. Ba sa tashi sama su watse, ƙasa suke bi kamar ruwa, su gangara kwata, su taru a rami, su kwanta ƙarƙashin mota. Shi ya sa kwanon fetur da ake wanke noti da kusoshi a ciki, ko yana can gefe mita biyar, zai iya aiko da tururinsa har ƙafarka, wutar kuma ta bi shi ta koma kwanon. Ranar walda ba a wanke komai da fetur, ba a fenti, ba a buɗe tina.

Kafin ka kunna injin yanka, ka san inda tartsatsin zai nufa. Ka juya murfin faifan, wanda bai kamata a taɓa cire shi ba, yadda ruwan wutar zai zuba ƙasa cikin yashi ko ya daki fallen kwano da ka jingine. Idan iskar hunturu tana kaɗawa da ƙarfi, ka haƙura da yankan ranar. A lokacin komai ya bushe ƙayau, iskar kuma tana ɗaukar tartsatsi ta tsallake katanga da shi.

Yanzu motar. Abin da ke gabanka kana ganinsa. Gobarar mota kusan kullum daga bayan ƙarfen take farawa, gefen da ba ka kallo. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1,500, fallen jikin mota kuma kaurinsa bai fi milimita ɗaya ba, saboda haka ɗaya gefen yana yin ja cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan kana walde ƙasan mota daga waje, a ciki akwai kafet, a ƙarƙashinsa akwai auduga mai hana ƙara, a ƙarƙashinta akwai baƙin kwalta da aka manna wa ƙarfen, ga damin wayoyi da ke bin gefen ƙofa. Idan daga ciki kake yi, a waje akwai bututun fetur da na birki da suke bin shasi, da baƙin shafen hana tsatsa, da man inji da ya haɗu da ƙura ya yi kauri. Ka cire kujeru da kafet gaba ɗaya ka fitar da su waje. Ka kankare kwalta da shafen har sai farin ƙarfe ya fito, aƙalla taƙi ɗaya da rabi kewaye da wurin waldar, ciki da waje. Wayoyi da bututu ka kwance su daga maƙalansu ka ja su gefe, ka sa fallen ƙarfe tsakani. Jiƙaƙƙen tsumma yana taimakawa, sai dai yana bushewa da sauri, busasshen tsumma kuwa makamashi ne.

Wuraren da suka fi yaudara su ne masu rami a ciki: dogon akwatin da ke ƙarƙashin ƙofofi, ginshiƙan da ke riƙe rufi, cikin ƙofa, cikin shasi. Kamfani yakan zuba musu kakin hana tsatsa ko soso, ɓera kuma yakan tara tsumma da ciyawa a motar da ta daɗe a ajiye. Wuta tana kamawa a ciki, iska ta ja ta sama ta cikin ginshiƙi, sai ka ga hayaƙi yana fita daga rufin mota alhali kai a ƙasa kake aiki. Ka leƙa da tocila ta kowane huji, ka zaƙulo abin da ke ciki da waya, ka kuma ajiye gorar ruwa mai hujin murfi da za ka iya fesawa ciki.

Tankinka yana yoyo, don haka babu wata walda a jikin motar nan sai an sauke shi. Ko ba ya yoyo, shawarata ita ce duk waldar da ta kusanci tanki ko bakin zuba mai da ƙasa da mita ɗaya, a sauke. Ana yin wannan a fili, inji a sanyaye, babu mai shan taba, babu murhu a kunne. Idan motar mai famfon lantarki ce, bututun yana riƙe da matsi wajen bar 3 ko inji a kashe, kana kwancewa zai fesa maka a fuska. Ka zare fiyus na famfon mai, ka tada injin har ya mutu da kansa, sannan ka cire batir. Ka juye man cikin bido mai murfi, ka kai bidon da tankin can nesa cikin inuwa, ka toshe bakin bututun da ya rage a mota. Ƙasar da man ya zuba a kanta a kwashe ta da shebur a fitar. Sai warin ya ɗauke sarai ake jona injin walda, gara ma a bar shi sai washegari.

Batir ana fara cire kan da ke da alamar ragi, domin idan ka fara da na tarawa sifana ta taɓa jikin mota, ta ba da wuta. Kada ka tsaya a cire waya, ka ɗauke batir ɗin ka kai shi nesa. Yana fitar da iskar haidurojin, musamman lokacin caji da bayansa kaɗan, ita kuma kashi 4 cikin 100 a iska ya ishe ta kamawa, ta tarwatsa batir ta watsa ruwan asid.

Maƙalar mas, wato bakin waya ta biyu ta injin walda da ake maƙalawa a jikin ƙarfe, tana da nata sharrin da ba a cika lura da shi ba. Duk wutar da ta fita ta sandar walda sai ta koma inji ta mas. Idan ka maƙala shi a bamba ta gaba kana walda a baya, ko ka ɗora shi kan fenti da tsatsa, wutar za ta nemi hanya da kanta: ta bi igiyar birkin hannu, ta bi siririyar waya, ta bi bututun mai. Amfiya 80 a wayar da aka yi don fitila tana mayar da ita ja cikin daƙiƙu, a wani lungu da ba ka gani. Ka gurza wuri ya yi fari, kusa da waldar iyakar iyawa, a kan ƙarfen da kake waldewa, ka maƙala a nan. Dabarar nan ta jona mas da guntayen rodi da aka jera a ƙasa, kowace mahaɗa wurin tartsatsi ce.

Ƙarfin wutar ma yana da hannu. Sanda mai milimita 2.5 tana son amfiya 60 zuwa 90, wannan kuwa ya yi wa fallen jikin mota yawa, zai huda, narkakken ƙarfe ya ɗiga ciki. Ɗigon nan ya fi tartsatsi haɗari, don yana da nauyi kuma yana daɗewa da zafi. A kan falle ka yi amfani da sanda mai 1.6 ko 2, ka rage wuta, ka riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan kana tsallakawa, kana barin wuri ya huce har ka iya kusantar da bayan hannunka. Guntun sandar da ka gama da shi a jefa cikin gwangwanin yashi, ba ƙasa ba. Salansa kuwa kwance ta ka walde a ƙasa, ya fi sauƙi ya fi kyau, domin a jikin mota tana bi ta kusa da tanki da robobin rataya.

Akwai abubuwan da ba a kai musu zafi sam. Janti da taya ke jikinsa, ko an sace iskar: robar tana ruɓewa daga ciki ta fitar da iska mai kamawa, tayar takan fashe bayan an ajiye walda da mintoci. Haka shokoba, da bututun na'urar sanyaya mota, da wurin jakar iska ta sitiyari.

Ba a walda a mota mutum ɗaya. Da ka sauke gilashin fuska ba ka ganin komai sai bakin sandar, kuma ƙaramin harshen wuta ba ya nunawa sosai a hasken rana. Ka sami babban mutum, ba yaro ba, ya tsaya a ɗaya gefen ƙarfen da ruwa a hannu, aikinsa kallo kawai. Yara da dabbobi a fitar da su daga wurin.

Wutar gida ma a duba ta. Ƙaramin injin walda yana jan amfiya 16 zuwa 25 a kan volt 220. Siririyar wayar jawo wuta ta cajin salula da fanka ba za ta ɗauka ba. Ka nemi mai kaurin murabba'in milimita 2.5, gajeriya, ka warware ta duka, don wadda ke naɗe tana tara zafi ta narke. Bayan minti goma na aiki ka taɓa soket da filogi. Idan sun yi zafi, ka tsaya. Idan da janareta kake aiki, ya zauna nesa da tartsatsi, kuma ba a ƙara masa mai sai an kashe shi ya huce. Mai waldar gas kuma ya kiyaye abu uku: tukwane a tsaye a ɗaure, maiko ko man inji kada ya taɓa kan tukunyar oksijin, yoyon tiyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.

Tufafi na auduga mai kauri, hannu dogo, takalmi rufaffe. Rigar ƙwallo da yadin roba suna narkewa su manne a fata. Kayan da fetur ya jiƙa a canza su, a kuma fitar da laita daga aljihu.

Kayan kashe wuta ana tanadarsu kafin a kunna inji. Ka san halin famfo a garin nan, ranar da kake nemansa ranar ce ba ya kawowa, don haka ka cika tano da bokiti biyu tun da safe. Ka ajiye bokiti biyu na yashi da shebur. Ka sayi tukunyar kashe gobara ta gari mai alamar ABC, mai kilo 6, allurarta a kan kore, ka riƙa kifa ta lokaci-lokaci don kada garin ya dunƙule. Ka sani ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, ƙaramar ta cikin mota kuma ba ta kai haka ba. Ana zare fil, a tsaya iska na bayanka, a nufi gindin wutar ana sharewa hagu da dama. Ruwa na ciyawa ne da soso da katako da kafet. Fetur ba a zuba masa ruwa, yana hawa kansa ya bazu. Yashi ko gari ake sa masa. Idan wutar ta shafi waya, a kashe wutar gidan tukuna. Idan hayaƙi na fita daga ƙarƙashin bonet, kada ka wangale shi, ka ɗaga kaɗan ka fesa ta tsagar.

Wutar da ta fi ƙarfin tukunya ɗaya ta fi ƙarfinka. A fitar da mutane, a janye tukunyar gas idan wuta ba ta kai gare ta ba, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Gara a kira tun da fari su tarar an kashe. Idan gidan yana cikin lungu irin na Birni, a tura wani bakin babban titi ya tarbe su. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna ana zuba mata ruwa mai tsabta minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi asibiti. Ba a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko baƙin mai.

Saura wani abin da ke cin gidaje, wato wutar da ke tashi bayan an tattara kaya. Tartsatsin da ya faɗa cikin soso, ko auduga, ko damin harawa, yana iya cin ciki a hankali ba harshe ba hayaƙin kirki, sai bayan awa ɗaya ko fiye ya tashi. Shi ya sa a masana'antu ake ajiye mai gadi bayan an gama aikin wuta. Da minti 30 ake cewa, yanzu da yawa sun mayar da shi awa ɗaya, wasu ma biyu. A gida ka ɗauki awa ɗaya kana wurin, sannan ka sake zagayawa kafin ka kwanta. Wannan yana nufin aikin wuta da safe ake yinsa, a tsaya kafin la'asar. Mafi munin tsari shi ne a ɗiga walda ta ƙarshe ana kiran magariba, a rufe mota da tampol, kowa ya tafi masallaci. A cikin awar nan ka bi jikin motar da bayan hannu kana neman wurin da ya ƙi hucewa, ka sansana cikin ramuka, ka leƙa ƙarƙashi da tocila, ka juya duk abin da ka lulluɓe da buhu, ka hau ka dubi kan rumfa. Ƙofofin motar a bar su a buɗe, kafet da kujeru kuma sai gobe.

Wajen mayar da kaya, ka fara bin wayoyi da bututun da ke kusa da waldar da ido da yatsa, ko akwai inda roba ta narke. Ka ɗaura tanki, ka ɗaure bututu, sannan batir: na tarawa da fari, na ragi daga ƙarshe. Idan ka taɓa na ragi ka ga tartsatsi mai ƙarfi alhali komai a kashe yake, ka cire, akwai wayar da ta ƙone tana taɓa jiki. Idan lafiya, ka murɗa makulli ba tare da ka tada inji ba, famfo ya cika bututu, ka leƙa kowace mahaɗa ka tabbatar babu ɗigo, tukunyar kashe gobara tana kusa da hannunka, sannan ka tayar.